Sharhi a kan samfurin ƙwayar halitta na roba da na saya domin darasin SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa)

Samfura biyu ne a kwali ɗaya, ɗaya na ƙwayar halittar dabba, ɗaya na ta tsiro, an yi su da roba mai tauri, kuma kowanne an yanke shi yadda za a ga abin da ke ciki. Na saye su a hannun wani mai sayar da littattafai da kayan makaranta a nan Damagaram, wanda yake kawo kaya daga Kano, kuma da su nake koyarwa a lise, wato babbar sakandare, tun farkon shekarar karatu. Ga malamin da ya gaji da zana ƙwaya a allo kayan yana da amfani ƙwarai, muddin dai ya san inda samfurin yake faɗin gaskiya da inda yake ɓad da ɗalibi.

Gaɓar da aka fi ƙera wa hankali ita ce mitokondiriya. An tsaga ta a tsaye har ana ganin tantaninta biyu, na waje sumul, na ciki kuwa ya yi ninki-ninki. Idan ɗalibi ya bi ninkin nan da yatsa, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane cewa faɗin wurin aiki ake ƙarawa, domin a kan wannan tantani na ciki ne ake haɗa mafi yawan sinadarin ATP, wanda ƙwaya take kashewa a duk aikin da take yi, bayan an sarrafa sukari da iskar oksijin. A nan nake ƙara musu abin da samfurin bai nuna ba, wato mitokondiriya tana da nata DNA dabam, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, kuma daga uwa ake gadonsa. Wannan magana ba ta taɓa wucewa a aji ba tare da gardama ba.

Cibiyar ƙwayar, wadda Robert Brown ya bayyana a 1831, ana iya zare ta a riƙe a hannu, kuma an huda ƙananan ƙofofi a jikin tantaninta. Yana da kyau ɗalibi ya ga ƙofofin nan, saboda ta nan saƙon haɗa furotin yake fita daga wurin da aka adana kuromozom 46 na ɗan Adam, waɗanda zarensu zai kai kusan mita 2 idan aka miƙe shi. Haka kuma an jera gaɓoɓin bisa tsarin aikinsu, retikulum, wato tantani mai ninki-ninki da ke ɗauke da ribozom masu haɗa furotin, a manne da cibiya, gaɓar Golgi a gabansa, sannan ƴan jakunkuna suna nufar tantanin waje. Da wannan jeri nake bin sawun sinadarin da ke cikin yawu mai narkar da sitaci, tun daga inda ribozom ya haɗa shi, zuwa inda gaɓar da Camillo Golgi ya gano a 1898 ta gyara shi ta ƙunshe, har ya fita daga ƙwaya. Lizozom kuwa, mai narkar da abin da ya lalace, wanda Christian de Duve ya gano a 1955, ƙwallo ne kawai rawaya da ba ya koyar da komai.

Matsalar ta fara ne daga girma da yawa. Faɗin ƙwayar dabba yakan kai kimanin maikoromita 20 (maikoromita dubu ne milimita ɗaya), ribozom kuwa bai wuce nanomita 30 ba (nanomita dubu ne maikoromita ɗaya), saboda haka a samfurin da faɗinsa ya kai santimita 30 bai kamata ribozom ya kai rabin milimita ba, amma sai aka yi shi ɓaro-ɓaro ana hango shi daga bencin baya. Mitokondiriya uku aka sa, alhali ƙwayar hanta guda tana ɗauke da tsakanin 1000 zuwa 2000, jar ƙwayar jinin mutum kuma idan ta nuna ba ta da ko ɗaya, ba ta ma da cibiya. Abin da ya fi damuna shi ne filin da aka bari fayau tsakanin gaɓoɓin, ba a kuma nuna zaruruwan da ke riƙe siffar ƙwaya suna jan kaya a kansu ba. Ɗalibi sai ya ɗauka cikin ƙwaya wuri ne shiru da kowa ke tsaye inda aka dasa shi, alhali ya fi kama da kasuwar Dole ta nan Damagaram ranar Alhamis, ba masaka tsinke, kuma komai yana motsi.

A samfurin tsiro an kyauta da aka sa mitokondiriya kusa da kuloroplas, gaɓar da ke haɗa wa tsiro abinci da hasken rana, domin ɗalibai da yawa suna zaton mai ɗaya ba ya da ɗayan. Sai dai jakar ruwan da ke tsakiya an ƙanƙanta ta, ga shi kuwa a ƙwayar da ta girma takan cinye har kashi 90 cikin ɗari na wurin, kuma ruwan da ke cikinta ne yake tokare bangon ƙwaya. Ganyen salati da ya yi yaushi a rana, aka tsoma shi a ruwa ya sake miƙewa, ya fi robar nan bayyana aikinta.

Na gwada samfurin tare da madubin likita na makaranta. Mun ɓare siririyar fatar albasa, muka ɗiga mata ruwan aidin, sai ga ƙwayoyi a jere da bangonsu, kowace da cibiyarta ta yi duhu a gefe. Babu kuloroplas, tunda kan albasa a ƙasa yake girma, kuma babu ribozom ko retikulum, domin madubin da ke aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza maikoromita 0.2. Ganin waɗannan sai da madubin lantarki, wanda ba kayan lise ba ne, kuma wannan giɓi shi ne ainihin hujjar sayen samfurin. Dole ne kuma a gaya wa ɗalibai cewa, in ban da koren kuloroplas, launukan da aka shafa na masu ƙira ne.

Ta fuskar ƙarko, robar ta jure hannun ɗalibai, amma ƙurar hunturu tana maƙalewa a ninkin mitokondiriya sai an bi da burushi, kuma lambobin da aka liƙa sun fara ɓamɓarewa da zafi ya shigo. Takardar bayanin da Ingilishi take, mu kuwa da Faransanci muke koyarwa, don haka sai da na rubuta wata na manna a murfin kwalin. Wanda zai saya ya buɗe kwalin a gaban mai kanti, ya zare cibiyar ya mayar, domin ƴan sandunan da ke riƙe gaɓoɓin sirara ne, kuma na lizozom ya iso mini a karye.