Gashin ƙashi, bel ko tausar ungozoma: ina mai ciki za ta sa kuɗinta kafin naƙuda?

Idan ciki ya kai wata shida, jiki kan fara magana. Kwankwaso ya riƙe, ƙugu ya yi nauyi, juyi a gado ya zama aiki, wata kuma ko atishawa ta yi sai fitsari ya ɗigo mata. Daga Birnin Kebbi har Argungu da Jega amsar ɗaya ce: "Yi haƙuri, haka ciki yake, in kin sauka zai wuce." Wani ciwon yana wucewa, wani yana bin mace har bayan arba'in. Dalilinsa sananne ne: sinadaran ciki suna sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓin ƙugu, nauyin ɗa yana jan baya gaba, tsokar ƙasan mara kuma ita ke ɗauke da kayan duka. Akwai abin yi, sai dai hanyoyin suna da yawa, kowace da mai tallarta, kuɗin gida kuwa ƙididdigaggu ne.

Awo shi ne ƙofar komai, kuma shi ya fi araha. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. A nan za a gano ko kina cikin waɗanda motsa jiki zai cutar: mai hawan jinin ciki, mai zubar jini, wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, mai ƙarancin jini sosai. Bayanin da nas ke yi wa mata kafin a fara layi yana da amfani, amma na taro ne, ba za ta tsaya ta duba tafiyarki ke kaɗai ba.

Wannan aikin likitan gashin ƙashi ne, kuma a ganina nan ya kamata kuɗin su fara zuwa bayan awo. Mutane sun ɗauka sashen na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa da wuya ki ga mai ciki a bencinsu. Alhali ƙwararre zai duba yadda kike tsayuwa da zama, ya gano ko ciwon daga baya yake ko daga mahaɗar ƙashin ƙugu, domin ba magani ɗaya gare su ba. Zai koya miki tashi daga kwanciya ta gefe da gwiwoyi a haɗe, numfashin da za ki yi in naƙuda ta murɗa, da yadda ake durƙuso ko jingina don rage ciwon baya a lokacin. Manyan asibitoci ake fara tambaya, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da aka fi sani da FMC, da Asibitin Sir Yahaya, duka a Birnin Kebbi. Ki nemi likitan awo ya rubuta miki takardar turawa.

Wahalarsa nisa ne. Wadda ke Zuru ko Yauri ko Kamba, kuɗin mota kaɗai zai iya fin kuɗin ganin likitan. Saboda haka kada ki shirya zuwa kowane mako. Zama ɗaya ko biyu masu kyau sun isa yawancin mata: ki ce a koya miki abin da za ki ci gaba da yi a gida, a rubuta ko a zana a takarda. Ki tambayi kuɗin kati da na kowane zama tun farko, mai rajistar KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, ta tambaya ko tsarinta ya ɗauki wannan. Idan kunya za ta hana ki faɗin inda ke ciwo, nemi mace, haƙƙinki ne. Likitan gashin ƙashi mai zuwa gida ya fi tsada, kuma shi ya fi buƙatar bincike: a ga shaidar rajistarsa da MRTB, hukumar da ke ba masu gashin ƙashi lasisi. Duk wanda zai sa miki injin ɗumama jiki a ciki ko kwankwaso alhali ya san kina da juna biyu, ki tashi ki bar wurin.

Abin da ake yi a gida kyauta ne, kuma shi ne rabin aikin. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Tafiyar rabin awa kwana biyar ta cika shi, ko da zagayen tsakar gida ne, bayan asuba ko in rana ta yi sanyi, musamman a zafin Afrilu. Ma'auni shi ne ki iya hira kina tafiya. Iyaye za su ce daka da ɗibar ruwa ai motsa jiki ne. Gaskiya ne suna sa gumi, amma ɗaukar jarka da dogon sunkuyo ƙara wa ƙugu ciwo suke yi.

Sai matse tsokar ƙasan mara, dabarar da likita Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a tare, ki ƙirga biyar, ki saki gaba ɗaya, sau goma, sau uku a yini. Ba a yin sa lokacin da ake fitsari. Yana rage ɗigon fitsari kafin haihuwa da bayanta, sakin kuma yana da muhimmanci kamar matsewar, tunda ranar naƙuda sakewa ake so. Mai cikin fari da ta tafi goyon ciki za ta iya ƙarawa da tausar fatar da ke tsakanin gaba da dubura daga mako na 35, da hannu mai tsabta da ɗan man zaitun, domin tana rage yagewa da buƙatar ƙari. Bidiyon YouTube da TikTok sai wanda ma'aikaciyar lafiya ta gani ta amince, waya ba ta san awon jininki ba.

Kayan kanti su ne na ƙarshe. Bel ɗin riƙe ciki yana sauƙaƙa tafiya ga mai ciwon ƙugu, amma ba ya ƙarfafa tsoka kuma ba a yini da shi. A gwada kafin a biya, ya zauna ƙarƙashin ciki, kada ya matse shi. Ƙwallon zama, wato babban ƙwallon roba da mai ciki ke zama a kai, mai faɗin santimita 65 ya dace da yawancin mata, doguwa ta ɗauki mai 75. A zaɓi wanda ba ya fashewa farat ɗaya, a ajiye shi kan tabarma ba kan santsin tayil ba. Wadda ba ta da halin saye ba ta yi asara ba, filo tsakanin gwiwoyi in za a kwanta yana aiki.

Ungozoma tana da matsayinta, kuma tausar baya da kafaɗa a hankali tana sanyaya jiki. Inda nake roƙon a tsaya shi ne danna ciki wai don a juya kwanciyar ɗa, da jiƙon fitar da zaƙi da ba a san ƙarfinsa ba. Babu tausa, babu atisaye, babu jiƙon da ke faɗaɗa ƙashin ƙugu. Idan kan ɗa ya fi hanya, tiyata ce mafita, jinkirinta kuma shi ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi. Maigida, kafin bel da ƙwallo, ka ware kuɗin mota da na asibitin haihuwa, ka kuma riƙe lambar direban da zai fito ko da tsakar dare.

Ke kuma, ko wace hanya kika zaɓa, da zarar kin ga jini ko ruwa ya fashe, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko motsin ɗa ya ragu, ki dakatar da atisayen ki nufi asibiti a ranar.