Yankari Ko Gashaka Gumti?

Jama'a sun dame ni da tambaya nan Birnin Kebbi, wai in mutum zai je kallon namun daji wanne ya fi, Yankari ko Gashaka Gumti. Toh gaskiya duka biyun tafiya ce daga nan, amma Yankari ta Bauchi ta fi sauƙi da arha, kwalta har Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun, ga ɗakunan kwana, a sa ku a mota a zaga da ku, in da rabo ku ga giwaye da ɓauna, ku dawo ku faɗa ruwan ɗumin Wikki. Sai dai birai, bika ɗin nan ba kunya gare su ba, leda a hannunka za su fizge.

Gashaka kuwa sai ka dangana da Serti a Taraba, kuɗin mota kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Gashaka ne gandun daji mafi girma a Najeriya, can Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419, amma da ƙafa ake yawancin yawon tare da ma'aikatan gandun, kuma da damina rafuka kan tare hanya. Ko ina za ka, ka bincika tsaron hanya tukuna, kar a yi tafiyar dare.

Mai iyali da ɗan hutu kaɗan, Yankari. Matashi mai ƙarfin gwiwa da lokaci da ɗan canji a aljihu, Gashaka.