Kafin Ka Sayi Amfilifaya Mai Kwalba Ɗaya: Sifika, Kwalba da Taransifoma

Amfilifayar da ake magana a kanta, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti kafin ya isa sifika, ita ce wadda kwalba ɗaya tak (fitilar gilashi mai ƙara ƙarfin lantarki, wadda ake kira tube ko valve) ke ɗaukar dukkan sauti a kowane ɓangare, hagu da dama, saɓanin wadda kwalabe biyu ke karɓa-karɓa. Muryarta na da daɗi da taushi, amma ƙarfinta kaɗan ne, yawanci wat 2 zuwa 10. Saboda haka sifika ake fara dubawa kafin a yi zancen kwalba.

Duba lambar desibel, ma'aunin ƙarar sauti, da ke jikin takardar sifikarka. Ita ke nuna ƙarar da za ta bayar da wat ɗaya daga nisan mita ɗaya. Duk ninka ƙarfi da aka yi, desibel 3 kawai ake ƙarawa. Sifika mai 92 da wat 8 za ta kai wajen 101, ta wadaci falo. Mai 85 da wat 3 da ƙyar ta kai 90, kana ƙara murya sauti ya fara dagulewa. A kuma nemi sifika mai om 8 (ma'aunin juriyarta ga lantarki) wadda juriyarta ba ta faɗuwa ƙasa sosai, domin irin wannan amfilifaya ba ta riƙe sifika da ƙarfi, sai ka ji ganga ta yi sako-sako.

Kwalabe kuwa gida biyu ne. Gidan farko su ne tsofaffin da wayar zafinsu ita ce ke fitar da lantarki kai tsaye: 45, 2A3 da 300B. Ta 45 ba ta wuce wat 2, sai da sifika mai kusan 100. 2A3 na ba da wajen wat 3.5, tana son 95 zuwa sama. 300B, wadda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, tana ba da wajen wat 8, shi ya sa ta fi karɓuwa. Sai dai akwai tsada, kuma matsalar gidan nan gurnani ne, wato ƙarar wutar lantarki da ke fita ko ba a sa waƙa ba: idan wutar da ke zafafa wayar ba a daidaita ta ba, sifika mai saurin ji za ta fito da shi fili. Tambayi mai sayarwa ko ana zafafa wayar da daidaitacciyar wuta, ko akwai makunnin rage gurnani. In da hali, saka kunne kusa da sifika ba tare da an sa waƙa ba. Abin da ka ji daga kujerar zama shi ne zai dame ka kullum.

Gida na biyu su ne waɗanda wayar zafinsu ke zafafa wani ƙarfe daban, shi kuma ya fitar da lantarki: EL84, 6V6, EL34 da KT88. Sun fi sauƙin samu, sun fi arha, gurnaninsu kaɗan. EL84 na ba da wat 2 zuwa 4 gwargwadon yadda aka haɗa ta, EL34 da KT88 kuma wajen 6 zuwa 10. Ga mai farawa, nan ya fi dacewa, ko da masu 300B za su taɓe baki. Ita kuwa 845 mai wat 20 da ɗoriya, wutarta na kai bolt 1,000, ba ta sabon shiga ba ce.

Inda kuɗi ya kamata su tafi shi ne taransifomar fitar da sauti, wadda ke miƙa sauti daga kwalba zuwa sifika. A wannan tsari wuta na ratsa ta koyaushe ta fuska ɗaya, don haka sai an bar ɗan gibi a cikin ƙarfenta, a kuma yi ta babba, in ba haka ba ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, kaurin sauti ya ɓace. Ɗaga amfilifayar ka ji nauyinta. Mai 300B da ba ta da nauyi abar tuhuma ce. Kwalba ana canza ta cikin minti biyu, taransifoma kuwa da ita za ka zauna. EL34 a kan taransifoma mai kyau ta fi 300B a kan ta banza.

Zaɓi amfilifaya mai daidaita wutar kwalba da kanta, don kada sai ka ɗauko mitar auna wuta duk lokacin da ka sa sabuwar kwalba. Tabbatar an yi ta don ƙarfin wutar gidanka, 110 ko 230.

Saura zaɓi tsakanin sabuwa haɗaɗɗiya, tsohuwa ta hannu, da wadda za ka haɗa da kanka irin na kamfanonin Elekit ko Bottlehead. Ta hannu sai an duba kafasitocinta, wato kayan da ke ajiye wuta a cikinta, domin suna bushewa da shekaru. Haɗawa da kai na koyar da abubuwa da yawa, amma akwai bolt 300 zuwa 450 a ciki, kuma kafasita na riƙe wuta bayan an cire filogi. A auna da mita kafin a sa hannu. Kada a taɓa kunna amfilifayar babu sifika a jone, taransifomar fitarwa na iya ƙonewa, kuma a bar mata sarari a sama don zafi ya fita.