Yamaha C40: jitar da na fara koyo da ita a gida

Wata takwas kenan da na sayi jitar nan a wani shagon kayan kiɗa a Sabon Gari nan Kano, kuma tunda mutane suna ta tambayata wace jita ya kamata sabon shiga ya fara da ita, bari in faɗi abin da na gani da hannuna.

Asali ni kiɗan 'yan Agadez ne ya ja ni, irin su Bombino da Mdou Moctar. Shi Mdou ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, to ka ga ba sai mai tsada ba. Da na shiga shagon niyyata in ɗau wata jitar Yamaha samfurin F310 mai tsirkiyar ƙarfe, sai mai shagon ya ce ɗan'uwa danna wannan ka danna waccan C40 ɗin tukuna kafin ka biya. Wallahi bambancin a fili yake. C40 tsirkiyarta ta nailan ce, uku na ƙasa zallar nailan, uku masu kauri an naɗe su da siririyar waya, ba ta cin yatsa kamar ta ƙarfe. Kuma abin da ke sa mutane da yawa su jingine jita tun da wuri kenan, zafin yatsu. Da wannan ma za ka ji zafi fa, amma wanda za ka iya daurewa har bakin yatsun su yi kanta, ni wajen sati uku ya ɗauke ni ina yin minti 20 kullum bayan isha'i.

Sautinta mai taushi ne, a ɗaki kake ba ka damun maƙwabta ba ka tada yara, ba ruwanka da wuta ko amfilifaya. Wuyanta dai da faɗi, milimita 52 ne daga sama, an saba haka jita kilasika take. Amfaninsa yatsa ba ya taɓa tsirkiyar da ke kusa, sauti ya fita tas, amma mai ƙaramin hannu zai sha miƙa kafin ya kama kod ɗin C ko G (kod shi ne haɗin sautukan da ake kaɗawa tare ta hanyar danna wasu tsirkiyoyi). Ƙanwata 'yar shekara 11 ta gwada abin ya yi mata girma, yara gara a nema musu ƙarama.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun kafin ka kai ta gida, sabuwar tsirkiyar nailan miƙewa take, kwanakin farko kana saita ta anjima ta sauka, kar ka ce jitar ce ta lalace, bayan kamar sati ɗaya take zama daram. Ni da manhajar GuitarTuna nake saitawa a waya, sautin tsirkiyoyin shida shi ne E A D G B E, daga mai kauri zuwa siririya. Darasi kuwa tashar JustinGuitar nake bi a YouTube, kyauta ne data kawai za ka saya, da Turanci yake amma ko ba ka jin komai za ka ga inda malamin yake ɗora yatsu. Fara da kod ɗin Em da Am da D, kar ka yi gaggawar F, zai zo da kansa.

Sai maganar hunturu, don Allah a kula. Jita katako ce, busasshiyar iskar nan tamu ta Disamba da Janairu tana iya tsaga ta, har ƙarafunan wuyan su fara kartar hannu saboda icen ya tsuke. Ni a jaka nake ajiye tawa, da ɗan soso mai danshi a cikin roba da na huhhuda, kuma ban taɓa barinta a mota ko jikin taga ba. Jakar daban na saya, ka sa kuɗinta a lissafi, da saitin tsirkiya guda na ajiya, kuma ka roƙi mai shago ya nuna maka yadda ake ɗaura ta don ita ƙulli ake yi mata a ƙasa.

Wancan kukan jitar Agadez C40 ba za ta ba ka shi ba, wannan sai jitar lantarki, kuma ita nake tara wa kuɗi yanzu. Amma C40 ɗin ba zan sayar ba, ƙanena ya riga ya ce shi zai gaje ta.