Gargaɗi ga masu kiwon kifi a Katsina: ana yawo da jabun abinci a buhunan kamfani

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon tarwaɗa da karfasa. Duk wanda ke da kwami ko tankin tamfol a bayan gida, daga cikin birni zuwa Batagarawa da gefen dam ɗin Ajiwa, ya karanta wannan ya kuma tura wa na kusa da shi.

Akwai wasu mutane da ke bin gonakin kifi suna sayen buhunan abinci da aka juye, kuma suna biyan kuɗin da ya fi ƙarfin buhun banza. In ka tambaya sai su ce gawayi za su zuba. Gawayi a buhu mai kilo 15? Kuma sai mai tambarin kamfani, wanda bai yage ba? Waɗannan buhunan ne ke dawowa hannunmu a ɗinke, cike da abin da aka murza a wani kango: dusar masara, ɓuntun shinkafa, garin rogo, da ɗan man kifi don wari. A saman buhun sai su zuba kamar kwano ɗaya na abincin gaske, yadda in ka farke baki ka ɗiba za ka ga ƙwaya sumul.

Mai tallan yakan fara da saƙon WhatsApp da hoton buhuna jibge a sito. Farashinsa na ƙasa da na dillali sosai, kuma yana da amsa a baki: "Alhaji, ta Maraɗi aka shigo da shi, bai bi ta kwastan ba, shi ya sa." Ba shi da shago, ba ya ba da rasit, asusun da zai turo sunan wani ne daban, kayan kuma sai bayan magariba ɗan Keke Napep zai sauke su ya juya. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne abinci ke lashe kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kifi, don haka duk wanda aka ce wa ga sauƙi sai ya saurara. Sun kuma iya zaɓen lokaci. Da hunturu ruwa kan yi sanyi, tarwaɗa ta rage ci, girmanta ya ja baya ko da abinci mai kyau ne. In ka kira ka yi ƙorafi sai ya ce, "Haba Malam, sanyi ne, bari zafi ya shigo ka gani." Kafin zafin ya shigo ya sauya layi.

Ita tarwaɗa tana buƙatar abinci mai furotin (sinadarin gina jiki) kamar kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari lokacin da take tasowa. Da abinci na ƙwarai, kilo ɗaya da 'yan kai kan ba ka kilo ɗaya na kifi, cikin wata biyar zuwa shida ta kai girman sayarwa. Dusa da rogo ba sa gina tsoka. Kifin zai cika ciki, kansa ya yi girma, jikinsa ya tsuke, manya su fara cinye ƙanana saboda yunwa. Ragowar da ta narke tana kwanciya a ƙasa ta ruɓe, ruwa ya yi wari tun kafin ranar canji. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sama, don haka takan jure gurɓataccen ruwa, ka ɗauka lafiya lau ne. Mai karfasa shi ne zai wayi gari ya tarar da su sun juya ciki sama. Idan kuma hatsin da aka murza ya yi fumfuna, gubarsa hanta take kamawa, magani ba ya wani tasiri.

Gwajin ba wuya. Kada ka ɗiba daga sama: juye buhun gaba ɗaya a kan tabarma a gaban wanda ya kawo. Ƙwayar kamfani girmanta ɗaya, in an rubuta milimita 4 to duk haka take, launinta ɗaya, ba gari a gindin buhu. Ɗebi na ƙasan ka watsa a bokitin ruwa. Mai kyau zai yi ta yawo a sama bai wargaje ba, jabu kuwa cikin 'yan mintuna zai nutse ya mai da ruwan kamar kunu. Sansana shi, ka murza a tafin hannu. Sannan ka duba bakin buhun da kyau: in ka ga layin tsofaffin hujojin allura kusa da sabon ɗinki, an taɓa farke shi. Duba ranar ƙarewar aiki, ka ɗora a sikeli.

Masu ƙananan kifayen ado a gilashi cikin falo, ku ma ana ƙulla muku irin wannan garin a leda ba suna ba kwanan wata. A ɗan ruwan gilashi ɓarnarsa ta fi sauri.

Kamfanoni irin su Skretting da ke Ibadan da Vital Feed na Jos suna da dillalansu sanannu, a saya a wurin mai shago da za a iya komawa gobe, a karɓi rasit. Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya ajiye buhun da ragowar abincin da shaidar tura kuɗi, ya kai ofishin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin abincin dabbobi na ƙarƙashin kulawarta, ya kuma sanar da 'yan sanda.

Sai roƙona ga masu gona da yaran da ke kula da kwami: duk buhun da aka juye, a sa reza a tsarga shi ta kan tambarin kafin ya bar gona. In mai sayen buhun ya sake zuwa, a riƙe lambar wayarsa da lambar babur ɗinsa.