WebP ko AVIF: wanne ya kamata ka mayar da hotunan shafinka?

Ɗan'uwa mai tambaya kan WebP da AVIF, nau'o'in fayil ɗin hoto biyu masu rage nauyin hotunan shafin intanet, ka ɗauki WebP, hankalinka kwance.

WebP tsohon hannu ne. Google ne ya fito da shi a 2010, kuma tun da Safari 14 ta karɓe shi a 2020, babu wata babbar burauza da ba ta buɗe shi. WordPress, manhajar gina shafi, ma yana karɓar sa kai tsaye tun daga sigar 5.8. A gwajin da Google ya yi, ya fi JPEG rashin nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya, nau'insa da ba ya zubar da komai kuma ya fi PNG da kashi 26. Yana ɗaukar hoto marar bango, irin na tambari, yana ɗaukar mai motsi. Abin da ya fi daɗi shi ne saurin juyawa, ko ƙaramar kwamfuta ba ta jin jiki.

Amma kafin ka juya komai, rage girman hoton tukuna, domin nan ne asalin nauyin yake. Waya ta ɗauki hoto mai faɗin fiksel 4000, gurbin da zai zauna a shafi bai wuce 800 ba, mai ziyara ya sha sauke abin da idonsa ba zai gani ba. Mayar da shi 1200 ko 1600, sannan ka juya. Idan hotunan kaɗan ne, Squoosh ya ishe ka, kyauta ne, a cikin burauza yake aiki, kana jan layin tsakiya kana ganin tsoho da sabo gefe da gefe. Idan da yawa ne, yi amfani da cwebp, manhajar Google mai juya hoto zuwa WebP, ga umarnin: cwebp -q 80 -resize 1200 0 hoto.jpg -o hoto.webp. Sifilin nan yana nufin tsayi ya bi faɗi da kansa. Lambar da ke bin -q ita ce inganci, 75 zuwa 80 ya wadatar ga hoton mutum ko kaya. Sama da 90 nauyi ne kawai.

Wuraren da ake tuntuɓe uku ne. Jan rubutu a kan hoto yakan dushe, gefensa ya yi kamar ya jiƙe, saboda WebP yana rage bayanan launi. Saka -sharp_yuv a cikin umarnin, ko ka yi amfani da -lossless, wato nau'in da ba ya zubar da komai, ga tambari da hoton allo. Kada dai ka yi wa JPEG na kyamara -lossless, ƙara kumbura zai yi. Na biyu, hoton waya kan fito a kwance, domin cwebp yana zubar da bayanan EXIF da ke nuna ina ne sama, don haka ka miƙar da shi kafin juyawa. Na uku, wata saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ba ta aika image/webp, alamar da ke gaya wa burauza nau'in fayil ɗin, sai a gyara wannan a saitinta.

AVIF kuwa, ba a raina masa, yakan fi WebP matse hoto, kuma ya fi iya launin sararin sama. Sai dai juya shi na cin lokaci da ƙarfin saba, iPhone da bai kai iOS 16 ba ba ya nuna shi, burauzar Edge ma sai 2024 ta karɓe shi. In ka matsa, saka shi cikin alamar picture ta HTML, WebP ko JPEG na biye a matsayin madadi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar "za mu sa shafinka ya yi gudu". Wasu sunan fayil kawai suke canzawa daga .jpg zuwa .webp su karɓi kuɗi. Gane su ba wuya: buɗe fayil ɗin a Notepad, WebP na gaskiya yana farawa da RIFF, WEBP na biye kusa, in ka ga JFIF ko Exif a farko, JPEG ne aka sauya wa riga. Haka masu sayar da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, na sata a araha, sau da yawa da ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Duk wanda zai taɓa maka shafi, ka kwafe hotunanka na asali ka adana tukuna, kuma kada ka yarda a kunna zaɓin goge su bayan juyawa, domin abin da aka matse ba ya dawowa.