Asibitin da muka kai Baba ranar da ɓarin jikinsa ya shanye

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, kuma wallahi da zuciya ɗaya. Asibitin kuɗi ne a nan cikin garin Kaduna, mu kuma daga Tudun Wada muka taso. Baba dai tun bayan la'asar bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, mu kuma muka tsaya shafa man zaitun da tofi muna cewa iska ce ta buge shi, sai washegari da hantsi muka kai shi. Wannan jinkirin har yau yana cin raina.

Muna shiga nas ɗin ta duba fuskarsa kawai ta kira likita, ba a ce mu bi layi ba. Aka auna jini da suga, aka tura shi hoton ƙwaƙwalwa na CT, sannan aka ɗora masa na'ura a wuya irin wadda ake duba masu juna biyu. Nan aka ga babbar jijiyar wuya ta hagu mai kai jini ƙwaƙwalwa kitse ya cushe ta, gudan jini ya ɓalle ya je ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Ni sai ranar na san toshewar hagu ce ke shanye dama.

Abin da ya fi burge ni likitan ya zaunar da ni da Yaya ya zana mana a takarda da Hausa, ya ce akwai allurar narkar da gudan jini amma sai cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, akwai kuma aikin da ba a tsaga kai, siririyar roba ake zurawa ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa a zaro gudan, in wuyan ya tsuke a sa ɗan ragar ƙarfe a buɗe hanya, an fi so cikin awa shida, wasu kuma har 24 in hoto ya nuna akwai sauran abin ceta. Ya ce tun 2015 bincike ya tabbatar da amfaninsa. Yaya ta ce to ranka ya daɗe a yi mana, ya ce Hajiya gaskiya ba mu da na'urar a nan, kuma hoton Baba ya nuna lokaci ya wuce. Bai ja mu da ƙarya don kuɗi ba.

Tauraron da na cire na wajen biyan kuɗi ne. Mutum na kwance ana cewa sai alat ya shigo, POS ɗinsu kuma ba sabis, sai da na fita titi neman mai cire kuɗi. Ɗakin kwanciya dai tsaf, janareta baya ɓata lokaci.

Sun sallame mu da asfirin da maganin kitse da na hawan jini da takardar ganin likitan jijiyoyi kan maganar wuyan. Mai gashin ƙashin nasu tana da haƙuri sosai, sau uku a sati muke zuwa, jiya Baba ya riƙe kofin shayi da kansa.